Tsohon injin milin na CNC: in kwashe kayan wutarsa duka, ko ƙwaƙwalwa kawai zan canza masa?

Makerin_Zamani:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema kafin in yi abin da zan zo ina da-na-sani. Na samu wani tsohon injin milin na CNC, wato injin sassaƙa ƙarfe da kwamfuta ke tuƙawa, ƙirar ƙarshen shekarun 1980, mai layi uku, X da Y da Z. Nauyinsa ya haura tan biyu. A ido jikinsa lafiya lau, tebur ba tsatsa, sifindil, wato sandan da ke riƙe wuƙa yana juya ta, in ka juya da hannu ba ka jin wata ƙara. Matsalar a ƙwaƙwalwa take, wato kwamfutar da ke tuƙa injin. Allon ya dushe har rubutu ba ya karantuwa, batirin da ke riƙe saituna ya mutu tun injin yana ajiye, duk abin da aka saita masa ya goge. In na kunna sai ya tsaya a kan saƙon kuskure, daga nan ba gaba ba baya.

Abin da ke raina shi ne in kwashe komai na cikin akwatin wuta, in cire motocin lantarkin da ke tura tebur, in sa masa moto mai taku, wato sitefa, guda uku, in haɗa da Arduino, wani ƙaramin katin lantarki, mai ɗauke da manhajar tuƙa inji ta GRBL. Da ita na haɗa ƙaramin injin sassaƙa katako bara, har yau tana aiki. Amma wani abokina ya ce kuskure zan yi, LinuxCNC ya kamata. Wanda ya taɓa yin irin wannan aiki don Allah ya haska mini.

DanWaya:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin komai kada ka yanke waya ko ɗaya. Ka ɗauki hoton kowane lungu na akwatin, ka nemo zanen wayoyin injin, sau da yawa yana cikin aljihun ƙofar akwatin. Sannan ka faɗa mana abin da ke rubuce a jikin motocin. Suna da kabon? Akwai wata 'yar na'ura a bayansu mai waya biyu?

Makerin_Zamani:
@DanWaya ban yanke komai ba tukuna. Eh, suna da kabon, kowanne murfi huɗu a gefe. A baya kuma akwai wani ƙaramin abu mai kama da moto, waya biyu ke fita daga cikinsa. Bayan haka a jikin tebur akwai wasu dogayen sanduna na alminiyam da kebul ke fitowa daga gare su.

DanWaya:
To ai dukiya gare ka. Motocin sarbo ne na DC, wato masu aiki da rahoton motsin da suke yi, ƙaramin abin da ke baya tako ne, shi ke gaya wa direban moto, wato na'urar da ke ba moto wuta, gudun da ake yi. Sandunan kuma ma'aunin gilashi ne, su ke faɗin ainihin inda tebur yake. Ka cire waɗannan ka sa sitefa, ka mayar da injin baya ke nan.

Tsohon_Mashin:
Ɗana, bari in yi maka bayani a hankali, don na shafe shekaru ina tsaye gaban irin waɗannan injuna.

Injin zamanin nan da kake magana aiki ya rabu gida biyu a cikinsa. Ƙwaƙwalwa tana duba inda tebur yake ta ma'auni, ta kwatanta da inda ya kamata ya kasance, sai ta aika wa direba wuta tsakanin bolt 10 na gaba da bolt 10 na baya. Wannan wutar umarni ce kawai: yi gudu kaza, ta ɓangare kaza. Shi kuma direba yana sauraron tako, yana ƙara wa moto ƙarfi ko ragewa har gudun ya yi daidai da umarni. Ka ga ke nan ƙwaƙwalwa ce kaɗai ta mutu maka. Direbobi da motoci da ma'auni ba ruwansu da wane ne ke ba da umarnin, muddin bolt 10 ɗin nan na zuwa.

Sitefa kuwa ba ta ba da rahoto. An ce ta yi taku dubu, an ɗauka ta yi. In wuƙa ta cije a cikin ƙarfe ta zubar da taku hamsin, ba wanda ya sani sai ka auna aikin ka ga ya ɓaci. A kan katako da ƙaramin inji wannan ba ya yawan faruwa. A kan teburin da shi kaɗai ya kai ɗaruruwan kilo, ga aiki an ɗaure a kai, labarin daban ne.

Mai_Arduino:
Baba @Tsohon_Mashin ina girmama maganarka, amma a yi wa sitefa adalci. Akwai manyan injunan da aka ƙera da sitefa tun daga masana'anta, tsofaffin Bridgeport masu ƙwaƙwalwar BOSS 5 da BOSS 6 da sitefa suka zo, kuma sun yanki ƙarfe shekara da shekaru. Yanzu ma akwai sitefa mai inkoda a baya, wato na'urar ƙirga juyawar moto, wadda in ta kasa cika taku direbanta yake tsayawa ya ba da ƙararrawa. Ni da irinta na gyara nawa, mako uku na gama, ina aiki da shi kullum.

Tsohon_Mashin:
Gaskiya ne, na san su. Amma ka tuna daga baya su ma sarbo suka koma. Ban ce sitefa ba ta aiki ba. Cewa na yi wanda yake da sarbo mai rai a hannu bai kamata ya jefar ba.

Injiniya_Lantana:
Bari in sa lissafi a cikin maganar, don ya fi saurin raba gardama. A ce sukurun da ke tura tebur yana tafiya milimita 5 a kowane zagaye, irin wanda aka fi samu. Sitefa taku 200 take yi a zagaye. Ka raba kowane taku gida 8 don ta yi laushi, ya zama 1600. In akwai bel mai rage gudu biyu zuwa ɗaya, wanda za ka buƙata don ƙarfi, kowace milimita ɗaya tana cin taku 640. GRBL a kan Arduino Uno iyakarta wajen taku 30,000 ne a daƙiƙa. Raba ka gani: kusan milimita 47 a daƙiƙa, wato wajen milimita 2,800 a minti. Kuma a wannan gudun moton yana zagaye sama da 1,100 a minti, inda ƙarfin sitefa ya riga ya zube sosai. Don haka a aikace ko wannan ba za ka samu ba.

Gudun ma ba shi ne babban abin ba. GRBL ta 1.1 layi uku take tuƙawa, ba ta karanta ma'auni, ba ta fitar da bolt 10, ba ta rama wasan sukuru, wato ɗan juyin da yake yi kafin tebur ya motsa, ba ta san umarnin G81 zuwa G83 na huda rami ba, ba ta san G41 da G42 na rama kaurin wuƙa ba. Manhaja ce mai kyau ƙwarai, tun 2009 take yi wa mutane hidima, amma don ƙananan injuna aka yi ta.

Mai_Arduino:
Hajiya, ai an wuce Uno tuni. Akwai grblHAL da ke hawa kan katuna masu ƙarfi, tana da umarnin huda rami kuma tana ɗaukar fiye da layi uku. Akwai FluidNC a kan ESP32.

Injiniya_Lantana:
Haka ne Malam, na yarda, kuma da injinsa ba shi da motoci da su zan fara ambata. Sai dai duka biyun taku da alkibla suke fitarwa. Direbobinsa ba sa jin wannan yaren. Ya zaɓe su, dole ya canza direbobi, watakila har da motoci, ma'aunin gilashin kuma ya zama ado.

Bakon_Zaure:
Ku yi haƙuri, ni sabo ne a wannan fanni. Mene ne LinuxCNC ɗin? Kati ne ake saya ko manhaja ce?

DanWaya:
Manhaja ce ɗan'uwa, kyauta, kuma buɗaɗɗiya, kowa na iya duba yadda aka rubuta ta ya gyara. Asalinta daga hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, a shekarun 1990, lokacin sunanta EMC. Daga baya masu sa kai suka ɗauka suka ci gaba da ita, a 2012 aka sauya sunan zuwa LinuxCNC. Tana hawa kan kwamfuta mai Linux da aka shirya ta yi aiki kan lokaci daidai, ba jinkiri. Ta 2.9 da ta fito a 2023 a kan Debian 12 take, wani nau'in Linux. Ita ke karanta G-code, wato rubutattun umarnin da ake ba inji, ta tsara tafiya, ta rufe zagayen nan da Baba ya yi bayani, sau dubu a kowace daƙiƙa. Amma tana buƙatar kati tsakaninta da inji. Yawancinmu katunan kamfanin Mesa muke amfani da su.

Ga masu ganin kamar abin wasan yara ne saboda kyauta ce: PathPilot da kamfanin Tormach ke sayar da injunansa da ita, a kan LinuxCNC aka gina ta.

Injiniya_Lantana:
@Makerin_Zamani ga injinka, Mesa 7i77 ce ta dace, tana da mafitar bolt 10 guda shida da mashigar inkoda shida, ga mashigai 32 da mafitai 16 na makunnai da rile. Ana haɗa ta da 7i92 in ta kebul ɗin netwok kake so, ko 6i25 in a cikin kwamfuta za ka soka. Ko ka ɗauki 7i97 wadda ta haɗa aikin a kati ɗaya. Amma tsaya tukuna, ka duba ma'aunin gilashinka. In tsohon Heidenhain ne, akwai yiwuwar sigina mai lanƙwasa yake fitarwa, mai rauni ƙwarai, maikro'amfiya 11. Katin Mesa ba zai karanta wannan kai tsaye ba. Sai ka sa akwatin EXE a tsakani ya mayar da shi sigina mai kusurwa na bolt 5. Ka leƙa akwatin wutarka, wani lokaci suna nan a ciki, wani lokaci kuma a cikin tsohuwar ƙwaƙwalwar aka gina su. Wannan ma dalili ne na kada ka yar da ita da wuri.

In zanen da ke kan gilashin tazarar maikron 20 ne, EXE ta ninka biyar, kati ya ƙirga gefe huɗu, ka samu maikron ɗaya a kowane ƙirge. Babu sitefar da za ta ba ka wannan tabbacin.

Mai_Gyara_Allo:
Ni fa ina da ra'ayi daban, ku yi mini uzuri. Kowa ya kama maganar canzawa, ba wanda ya tambaya ko tsohuwar ƙwaƙwalwar za ta gyaru. Abin da ya lissafa ba mutuwa ba ne. Allo ya dushe, ana sa na LCD a madadinsa. Batiri ya mutu, a sa sabo a sake shigar da saituna, galibi akwai takardarsu tare da zanen wayoyi. Saƙon kuskuren da yake gani mai yiwuwa rashin saitunan ne kawai. Abin da ya rage kafasitocin da suka bushe a sashen ba da wuta, aikin yini ɗaya ne. Na tayar da irin waɗannan guda huɗu da hannuna. Waɗanda suka ƙera injin sun riga sun daidaita komai, gudun motoci, canjin giya, famfon mai, birki. Ka cire ƙwaƙwalwar, duk wannan kai za ka sake rubutawa daga farko.

Tsohon_Mashin:
Wannan magana ce ta mai hankali, kuma na so a ce ni na fara faɗa.

DanWaya:
@Mai_Gyara_Allo ban musa ba Oga, amma ka faɗa masa ɗaya gefen. Ma'ajiyar irin waɗannan ƙwaƙwalen 'yar mitsitsiya ce. Aikin da manhajar zane ta zamani za ta fitar mai layi dubu ɗari biyu ba zai shiga ba, sai dai ka riƙa ɗura shi kaɗan-kaɗan ta kebul ɗin RS-232, kuma in layukan gajeru ne injin ya riƙa tafiya yana tsayawa, fuskar aiki ta fito da zane-zane. Sannan yau ka gyara, gobe wani guntu da aka daina ƙerawa shekara talatin ya ƙone. In aikinsa huda ramuka ne da share fuska, tsohuwar ta ishe shi. In siffofi masu lanƙwasa yake so, ba za ta kai shi ba.

Makerin_Zamani:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na samu zanen wayoyi a ƙofar akwati kamar yadda aka ce, mai shafi 41, amma takardar saituna ba ta ciki. Aikin da nake nufi kuwa ƙera mazubin roba ne da ƙananan sassa na alminiyam, akwai lanƙwasa da yawa. Ma'aunin Heidenhain ne, kuma ban ga akwatin EXE ba.

Mai_Awo:
Kun yi nisa a wayoyi, ba wanda ya taɓa ƙarfen. Malam, sabuwar ƙwaƙwalwa ba ta gyara sukurun da ya cinye. Ka samo agogon awo, ka ɗora a jikin tebur, ka juya sukuru da hannu gaba har allura ta motsa, sannan ka juya baya ka ga nawa fulin ya juya kafin allurar ta sake motsi. Wannan shi ne wasan. Ka auna a tsakiya, ka auna a ƙarshen tafiya, don tsakiya ce ke cinyewa. Ka sa agogon a cikin bakin sifindil ka juya ka ga karkata. Ka buɗe bututun mai ɗaya bayan ɗaya, injin da ya daɗe a ajiye mai yakan daskare a cikinsu, famfo yana aiki amma ko ɗigo ba ya kaiwa hanyoyin tebur.

Kuma wannan ya shafi shawarar Hajiya kai tsaye. In ma'auni yana jikin tebur, sukuru kuma yana wasa, moto zai juya tebur bai motsa ba, kwamfuta ta ƙara umarni, tebur ya zabura ya wuce, ta dawo da shi, haka zai yi ta rawa a wuri ɗaya. Na ga wanda ya shafe wata guda yana canza lambobin saiti, ashe boris ɗin ƙarshen sukuru ne ya saki.

Injiniya_Lantana:
Wannan gaskiya ne, na tsallake shi. Na gode Malam.

Mai_Hannu_Tara:
Ni magana ɗaya zan yi, kuma ina roƙon a ɗauke ta da muhimmanci. Jan maɓallin tsayawar gaggawa kada ya bi ta manhaja. Ko wace manhaja ce. Ya zama waya ce zalla, ta bi ta jan maɓalli, ta bi ta makunnan ƙarshen iyaka, ta riƙe rile, rile ya riƙe kontaktar da ke ba direbobi wuta. Waya ta tsinke, komai ya mutu. Kwamfuta a gaya mata kawai cewa an tsaya.

Ranar da na fara kunna nawa na juya wayoyin inkoda na layin Y ban sani ba. Kwamfuta ta ga tebur ya kauce kaɗan, ta tura shi ya dawo, sai ya ƙara nisa, ta ƙara turawa. Cikin ƙiftawar ido ya tafi da cikakken gudu ya daki ƙarshe. Bel ya tsinke, mazaunin boris ya tsage. Na kuma sa iyakar kuskuren bi, wato tazarar da aka yarda tebur ya kauce daga inda aka umarce shi, da faɗi sosai don kada ta riƙa dame ni da tsayawa, shi ya sa ba ta kashe shi ba. Hannuna yana kan tebur daƙiƙa kaɗan kafin nan. Gwajin farko a cire bel, a bar moto yana juyawa shi kaɗai. FERROR, wato wannan iyakar, a sa shi ƙarami tun farko.

Abu na biyu, layin Z. In kan injin ko gwiwar tebur na da nauyi kuma sukuru mai ƙwallaye ne, da an ɗauke wuta zai zame ƙasa da kansa. Ka duba zanenka, akwai birki a moton. Dole ya kama duk lokacin da direba ba ya riƙe da moto. Na uku, manyan kafasitocin direbobi suna riƙe wuta bayan an kashe inji. Ka auna da mita kafin ka sa hannu.

Tsohon_Mashin:
Allah ya ƙara kiyayewa. A karanta wannan sau biyu.

Bakon_Zaure:
Tambaya kuma: wace irin kwamfuta ake buƙata? Ina da tsohuwar laftof.

DanWaya:
Laftof ba ta cika dacewa ba, dabarun tattalin batirinta sukan sa ta yi ɗan suma na wani lokaci, inji kuma ba ya jira. Tsohuwar kwamfutar tebur ta ofis ta fi. Akwai gwajin jinkiri da ke zuwa tare da LinuxCNC, ka kunna shi ka bar shi awanni kana buɗe bidiyo da fayiloli, ka ga lamba mafi muni da zai nuna. Da can da ake fitar da taku ta mashigar firinta, abin yana da tsanani. Da katin Mesa, katin ne ke yin ƙirge mai sauri, kwamfuta sau ɗaya kawai take magana da shi a kowace milisakan, don haka an samu sauƙi. Wasu ma Raspberry Pi 4 ko 5 suke sawa. In katin netwok ne, kebul ya tafi kai tsaye daga kwamfuta zuwa kati, kada ka haɗa shi da layin intanet.

Mai_Arduino:
Amma ku faɗi gaskiya game da wahalar koyo. Na buɗe fayil ɗin HAL, inda ake haɗa siginonin LinuxCNC da na inji, sau ɗaya na rufe. GRBL kuwa saituna 'yan kaɗan ne, ka gama cikin awa ɗaya. Kuma tunda ana maganar buɗaɗɗen abu, katin Mesa ai na kamfani ne, saya ake yi.

Injiniya_Lantana:
Katin saya ake yi, haka ne, Arduino ma ai saya ake yi. Amma manhajar da ke cikinsa, hostmot2, a buɗe take. Abin da ya dame ni ni shi ne in abu ya lalace bayan shekara goma in iya buɗewa in gani, kada a ce mini sai wakilin kamfani ya zo da lambar sirri.

HAL kuma ba ta kai yadda ake tsoronta ba. Duk wanda ya iya karanta zanen wayoyi ya iya ta, don wayoyi ne ake haɗawa da rubutu: wannan ƙafa ta tafi waccan. Akwai PNCconf da ke yi maka tambayoyi ta rubuta kaso mafi yawa. Inda za ka zauna da gaske shi ne abubuwan da @Mai_Gyara_Allo ya lissafa. Famfon mai ya tashi duk bayan minti kaza. Sifindil kada ya juya in wuƙa ba ta kulle ba. In akwai giya mai canza kanta, a rubuta mata jerin matakai. Akwai ClassicLadder a ciki, manhajar tsara aikin rile da makunnai, don irin wannan. Nawa ya ci wata bakwai, da yamma da ranakun hutu, kuma motsa layukan uku mako biyu kawai ya ɗauka daga ciki. Sauran duk waɗannan ƙananan abubuwan ne. Wanda yake da aikin mutane yana jira ya sa wannan a lissafi.

Mai_Walda_Da_Milin:
Ni hanya ta uku na bi, ba wanda ya ambata. Direbobina biyu sun ƙone, na ga ba zan zauna ina bin tsofaffin katuna ba. Na cire motocin DC, na sa sabbin sarbo na AC masu karɓar taku da alkibla, na haɗa da LinuxCNC ta 7i96S. Ba kabon da zan canza, ba tako. Wahalar da na sha ta ƙarfe ce, sai da na ƙera sabbin mazaunai da fuli don bakin motocin bai zo ɗaya ba.

Abin da ya kusa sa ni kuka shi ne inbata ta sifindil, wato na'urar da ke canza gudun motonsa. Da na kunna ta sai ramuka su riƙa kaucewa kaɗan-kaɗan, na farko daidai, na ashirin ya gusa kusan rabin milimita. Na zargi manhaja, na zargi motoci. Ashe kebul ɗin inbata na kwantar a hanya ɗaya da wayoyin sigina. Na canza shi da waya mai sulke, na ɗaure sulken a jikin ƙarfe, na sa filta a shigar wutar inbata, na raba hanyoyinsu, na tara wayoyin ƙasa duka a wuri ɗaya. Shi ke nan ya daina. @Makerin_Zamani kai da kake da sigina mai rauni irin na ma'aunin nan, wannan ya fi shafarka. Kada ka yanke kebul ɗin ma'auni ka yi masa ƙari, ka kai akwatin EXE kusa da inda ya ƙare.

Makerin_Zamani:
Na dawo da sakamako. Wasan X milimita 0.02 ne a tsakiya. Na Y ya kai 0.07, amma da na matse goron ƙarshen sukuru ya sauko 0.03. Bakin sifindil allura da ƙyar take motsi. Bututun mai uku cikin tara a toshe suke, @Mai_Awo Allah ya biya ka. Birkin Z yana nan a shafi na 17, bolt 24 ke sake shi. Na fasa maganar sitefa. Abin da ban sani ba yanzu shi ne ko direbobin suna da rai, tunda ƙwaƙwalwa ba ta taɓa ba su izinin tashi ba.

Tsohon_Mashin:
Madalla ɗana. Gwada su ba ya buƙatar kwamfuta. Cire bel. Nemo wayar izini a zane ka ba ta wutarta ta hannun maɓallin da in ka saki yake yankewa. Haɗa wayoyin umarni biyu da juna tukuna: moto ya kamata ya tsaya cik, ko ya riƙa jan jiki a hankali, wanda akwai ɗan sukurun saiti a direba na gyara shi. Sannan ka ɗauki batiri na bolt 1.5 ka sa a wayoyin umarni. Zai juya da wajen kashi 15 cikin ɗari na gudunsa. Juya batirin, ya juya baya. In ya zabura da cikakken gudu, tako ne ba ya kai rahoto, ka duba kabon ɗinsa ka goge inda suke taɓawa. Z ka bar shi ƙarshe, kuma ka tokare shi da katako mai kauri kafin ka saki birki.

Injiniya_Lantana:
Kuma ka rubuta gudun da ka samu da batirin, zai yi maka amfani. In ka san gudun tebur a bolt 10, ka sa shi a saitin LinuxCNC mai suna OUTPUT_SCALE, ka sa saitin FF1 a kan 1, daga nan saitin P, wato ƙarfin gyara kuskure, kaɗan kawai za ka riƙa ƙarawa kana kallon kuskuren a Halscope, manhajar da ke zana sigina a allo. Direba mai tako ya riga ya yi rabin aikin.

Mai_Gyara_Allo:
Ni dai har yanzu ina kan bakana. Kafin ka sayi kati ko ɗaya, ka nemi saitunan nan wurin masu irin injinka, lambar ƙirar tana jikin farantin da ke gefe. In tsohuwar ta tashi ko na mako ɗaya ne, za ka ga yadda injin yake canza giya da yadda yake neman gidansa, wato inda yake fara ƙirga awo, ka rubuta, ka auna komai yana aiki. Ko daga baya ka canza, ka san abin da kake kwaikwaya.

DanWaya:
A nan kam na bi bayanka Oga. Ko LinuxCNC zai sa, ganin injin yana motsi da tsohuwar ƙwaƙwalwa ya fi shafi 41 ɗin nan bayani.

Makerin_Zamani:
Na yi gwajin batiri yau. X da Z sun juya gaba da baya lafiya, ba ƙara. Y yana juyawa gaba, amma in na juya batirin sai ya yi gurnani ya tsaya, jar fitila ta kama a direban. Na musanya kabon, bai canza ba. Gobe in sha Allahu zan haɗa moton Y da direban X in ga ko laifin moto ne ko na direba. @Mai_Walda_Da_Milin in ya tabbata direban ne, ana iya barin X da Z a kan tsofaffin, a sa wa Y kaɗai sabon sarbo na AC mai karɓar bolt 10, duka a kan kati ɗaya?

Mai_Walda_Da_Milin:
Ana iyawa, katin bai damu ba muddin direban yana karɓar bolt 10 a matsayin umarnin gudu, kuma kowane layi saitinsa daban. Amma kafin nan ka buɗe direban Y ka duba ɓangaren da ke ba da wutar baya, sau da yawa abu ɗaya ne ya ƙone ko fis. Turo hoton katin direban gaba da baya, da lambar da ke jikinsa.